Kaduna ba gari biyu ba ce

Kashegarin Babbar Sallar bana na ƙulla soyayyen nama a leda, na kira ɗan yayata na ce ya hau mashin ya kai wa Baba a Unguwar Sunday. Baba abokin marigayi mahaifinmu ne. Mutumin Bajju ne, Kirista, sun yi shekaru suna aiki a masaƙa ɗaya a Kakuri. Tun ina yaro naman layyarmu bai taɓa wuce shi ba, kamar yadda shinkafar Kirsimetinsa ba ta taɓa wuce mu ba. Ni nake kaiwa da kaina duk shekara, bana ne baƙi suka cika gida na nemi ɗan aike.

Yaron ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya ce, "Kawu, can fa ba wajenmu ba ne."

Shekarunsa 23. A Tudun Wada aka haife shi, nan ya yi makaranta, nan ya koyi haɗa sola. Aikin ya kai shi Kano, ya kai shi Abuja, har Sakkwato ya je ya yi mako biyu. Amma Unguwar Sunday, da ba ta kai tafiyar minti 30 daga ƙofar gidanmu ba in babu cunkoso, bai taɓa sa ƙafa ba. Sabon Tasha a bakin kwandasta kawai yake jin ta.

Ban yi masa faɗa ba, don abin da ya tarar ke nan. Amma maganar ta kwana a raina, har ta sa na zauna rubuta wannan.

Abin da nake gani shi ne: mun bar wata taswira ta zauna a kawunanmu, mai layi ɗaya tal, wato kogi. Tsallaken nan, arewa, Musulmi, tsallaken can, kudu, Kirista. Wasu har sun raɗa musu suna, Makka da Urushalima, ana faɗa ana dariya. Wannan taswira ba ta bayyana Kaduna, kuma tana cinye ta a hankali. Unguwannin garin nan sana'a ce ta haife su, kowace da halinta, kuma duk yaron da muka raina bai san komai game da su ba sai addinin mazaunansu, mun tauye masa rabin garinsu.

Sunayen kaɗai sun isa shaida

Kaduna ba ta da ganuwa. Ba ta da ƙofofi irin na Kano ko Zariya da wani zai nuna ya ce kakan kakansa ne ya gina. Gbagyi ne ke zaune a wannan fili suna noma, kafin Turawa su ga kogi da hanyar jirgin ƙasa sun haɗu a nan, su ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru su dawo da ita a 1917. In ka cire Gbagyi, kowa a garin nan zuwa ya yi, kuma aiki ne ya kawo shi: soja, leburan reluwe, akawu, kuku, mai wanki, ɗan kasuwa.

Saurari sunayen. Unguwar Kanawa. Tudun Nufawa. Unguwar Gwari. Unguwar Shanu. Kabala Doki. Kabala Costain, da ta ɗauki sunan kamfanin gine-gine. Sabon Tasha. Unguwar Talabijin. Tsohon titin Waff, da ya ci sunan rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma. Ka shiga tsakiyar gari ka karanta allunan tituna: Legas, Ibadan, Abeokuta, Benin, Warri, Katsina, Kano, Jos, Maiduguri, Argungu. A cikin Tudun Wadar da yaron nan ya tashi akwai titin Bashama, akwai titin Chawai. Kullum yana bin su da mashin bai taɓa tambayar su waye Bachama ba, su waye Chawai.

Garin da aka zana haka, ba a zana shi don mutum iri ɗaya ba.

Kakurin da na sani

A Kakuri na buɗe ido. Gidan haya ne mai ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Akwai mu, akwai Baba da iyalinsa, akwai wani Tibi, akwai Igala biyu, akwai Bayerabe mai ɗinki a soro. Hausa ce harshen tsakar gidan, kowa da irin lanƙwasar da yake mata.

Agogonmu jiniyar masaƙa ce. In ta yi kuka za ka ga titi ya cika da kekuna, masu fita da farin auduga a gashin kai da gira, masu shiga riƙe da kwanon abinci. Mata masu tuwo, masu ƙosai da kunu, masu doya da manja, duk sun san lokacin canjin aiki fiye da yadda suka san lokacin labarai. Ƙarshen wata kuwa, Kasuwar Litinin ba ta da masaka tsinke.

Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna. UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo baya. Masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. Kudancin kogi wajen injina ne, shi ya sa duk wanda ya sauko daga Kafanchan ko Zonkwa ko Binuwai yana neman aiki a can yake sauke kayansa. Bakatsine da Basakkwacen da suka zo neman aikin ma can suka sauka, har yau zuriyarsu na nan a Makera da Kakuri da Nasarawa.

Mahaifinmu da Baba inji ɗaya suke tsaro. In lokacin sallah ya yi Baba ke riƙe masa. In Lahadi ta faɗo a kan Baba, mahaifinmu ke karɓar masa. Ba wanda ya kira su taro a otal ya koya musu haka. Zare ne in ya tsinke dole wani ya ɗaura.

Wannan shi ne abin da ake yawan mantawa in ana ba da labarin rabuwar Kaduna. Abu biyu suka faɗo mana kusan lokaci guda. Rikici ya kori mutane daga gidajensu, sannan masaƙu suka mutu: KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, saboda rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa. Da masaƙun na nan, ko mutum ya koma Rigasa da kwana, da safe dole ya tsallako ya tsaya kusa da mutumin Narayi. Da suka rufe, sai dalilin tsallakawar ya tafi tare da su.

Kowace da halinta

Tudun Wada ba ta barci da wuri. Masu shayi, masu tsire, majalisa a kowane lungu, karatun allo da dare, tafsiri da azumi har ba ka san wace lasifika za ka saurara ba. Kasuwar Barci nan take, inda ɗinkin Sallah da gwanjo suke haɗuwa, kasuwar da aka rushe a 2020 aka sake ginawa, kuma har yau akwai masu tsohon shago da ba su farfaɗo ba. Ga Zango da shanunsa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Ga Fanteka, inda ƙarar guduma ba ta yankewa, inda za ka kai zane a takarda a ƙera maka injin niƙa ko ƙofa ko murhu daga ƙarfen da wani ya yar. Ɗaliban kwalejin da yawa a Fanteka ake haɗa musu aikinsu na ƙarshe, kowa ya san haka.

Kawo ƙofa ce. Motar Zariya, Kano, Katsina, daga nan take tashi, ga Kasuwar Talata, ga barikoki kewaye da ita, shi ya sa Hausar Kawo take da ɗanɗanon bariki. Mando ta masu doguwar tafiya ce da sojan sama da hanyar filin jirgi. Unguwar Sarki tana da nauyin tarihi: gidan Sardauna da aka kashe shi a ciki ranar 15 ga Janairun 1966, wanda ya zama Gidan Arewa, da Masallacin Sultan Bello inda Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri. Malali da GRA ta Unguwar Rimi wajen dogayen katangu ne da inuwar bishiyoyi, sai dai in ka zaga baya ka shiga ƙauyen Malali ko Badarawa, ka ga wata duniya dabam a jikin katangar.

Rigasa kuwa gari ce guda, ana lissafa ta cikin mazaɓu mafi yawan jama'a a ƙasar nan. Ta yi wannan cika ne saboda ta karɓi waɗanda suka rasa matsuguni, da waɗanda haya ta kora daga cikin gari, da waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Birnin Gwari da Igabi. Mutanenta masu neman na kansu ne. Kafin asuba an fara fita.

Haka Sabon Tasha take ta ɗaya gefen, kuma da dalili iri ɗaya ta cika. Kasuwarta ta kayan gona ce: doya, garin rogo, manja, citta, acca, ganye iri-iri da ba ka samu a Kasuwar Barci. Ranar Lahadi da safe titi ya cika da anko da ƙarar ganga. Tashar motar Unguwar Talabijin ita ce Kawon wannan ɓangaren, daga nan ake hawa motar Kachia da Kafanchan da ta ƙasar Ibo. Narayi ta ma'aikata ce da 'yan fansho da makarantun kuɗi. Barnawa ta riƙe wani abu da sauran suka saki: masallaci da coci a layi ɗaya, masu gasa kifi da masu balangu a titi ɗaya, kuma ba wanda yake mamaki.

Duk wannan ɗan yayata ya dunƙule shi cikin kalma ɗaya, "can". Na tabbata akwai sa'ansa a Unguwar Romi da ya dunƙule Kawo da Fanteka da Unguwar Sarki cikin "can" ɗinsa.

"Kai ba ka binne kowa ba ne"

Wannan ita ce magana ta farko da za a jefe ni da ita, kuma yayata ce ta fara. Da na gaya mata abin da ɗanta ya ce, cewa ta yi, "Ni na hana shi. Ka manta yadda muka fito?"

Ban manta ba. Ranar 21 ga Fabrairun 2000 aka fara rikicin, kan batun Shari'a. Kwana biyu muka yi a ɗakin Baba, ƙofa a kulle, matarsa na miƙo mana abinci ta taga, shi yana zaune a ƙofar gida yana ce wa duk wanda ya zo mun riga mun gudu. Da sojoji suka fito ne muka tsallaka da abin da hannu ya iya ɗauka. A wannan makon babban ɗan Baba, da ke haya a Tudun Wada, wani mai shayi ne ya ɓoye shi, ya sa masa hula da jallabiya ya raka shi har bariki. Rayukan da aka rasa a wannan shekara sun haura 1,000 ko a ƙidayar hukuma. Aka sake a Nuwamban 2002 kan gasar sarauniyar kyau, fiye da mutum 200 suka tafi. Aka sake bayan zaɓen Afrilun 2011.

Mutane sun sayar da gidaje a wulaƙance. Wasu musaya suka yi, kai ka koma nawa ni in koma naka, ba tare da an duba wanne ya fi ɗakuna ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba zan ce wa kowa ya kwashi iyali ya koma inda ya ga an ƙone maƙwabcinsa ba. Ni ma ban koma ba.

Amma inda mutum zai kwana dabam, inda zai je da rana tsaka dabam. Tsoron yayata yana da tushe, ta gani da idonta. Tsoron ɗanta gado ne, bai ga komai ba, kuma tsoron gado ya fi wuyar magani, don babu wata fuska a cikinsa. Ita in ta tuna Kakuri tana tuna masu adda, tana kuma tuna matar Baba da kwanon tuwo ta taga. Shi masu addar kaɗai aka ba shi labari.

Sannan mu tambayi kanmu ko rabuwar ta kawo amincin da ake cewa. Ta rage kisan maƙwabci, wannan gaskiya ne. Amma ta mayar da hanya abin tsoro. Da zarar wata jita-jita ta tashi a WhatsApp, Musulmin da ke dawowa daga Abuja gabansa na faɗuwa in ya doshi Gonin Gora, Kiristan da dare ya yi masa a hanyar baifas yana addu'a har ya wuce Unguwar Mu'azu da Badiko. A da mai son ɓarna sai ya ratsa maƙwabtan da suka san ka. Yanzu baƙo ne kai a titin da ba mai cewa "ku bar shi, ɗan gidan wane ne".

Taswirar ma ba daidai take ba

Babban cocin Katolika na St. Joseph da na Angilika na St. Michael duk a arewacin kogi suke, a tsakiyar gari. Akwai Kiristoci a Kabala, a Unguwar Rimi, a Malali, a Kurmin Mashi, a Mando. Akwai masallatan Juma'a cike a Makera da Barnawa da Nasarawa. Ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera, ta haɗa Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko da Kakuri da Talabijin. Ke nan shugaban ƙaramar hukuma ɗaya ɗan yayata yake zaɓa da mutanen da yake kira "can".

Ga kuma yadda Allah ya shimfiɗa garin. Mutumin Sabon Tasha da zai hau jirgin ƙasan Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, dole ya shiga Rigasa. Mutumin Kawo da zai tafi Abuja a mota dole ya bi ta Gonin Gora. Filin jirgin sama da Asibitin Ido na Ƙasa suna wannan gefe, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da matatar mai suna wancan. Ba wanda zai iya ɗauke nasa ya tafi.

"Ai ko Kano akwai Sabon Gari"

Wani zai ce haka birane suke ko'ina, kowa na son zama cikin nasa, inda zai ji kiran sallah ko ƙararrawar coci ba tare da an harare shi ba. Wani kuma, mai ɗan karatun tarihi, zai ƙara da cewa Kadunar da nake yabo ma a rabe aka haife ta. Gaskiyarsa. Turawa sun ware wa kansu GRA, suka bar fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini tsakaninsu da baƙar fata. Suka yi wa akawu da 'yan kasuwa Sabon Gari, leburori suka tare a Tudun Wada. Ba a aljanna muka tashi ba, kuma ko a gidanmu na Kakuri ana faɗa kan layin famfo da wankin bayi. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Ban ƙi unguwa ta kasance da launinta ba. Shi nake yabo tun ɗazu. Abin da ke damuna shi ne kowane ɓangare yana gab da wadatuwa da kansa. Kowa da kasuwarsa, tasharsa, asibitinsa, makarantunsa, wuraren bikinsa. Yaro zai iya zuwa duniya, ya yi firamare da sakandare, ya koyi sana'a, ya yi aure, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Bakano yana shiga Sabon Gari kullum sayen kayan gyara. Mu nan muna gina garin da ba sai an shiga ba.

Dubi makarantu. Mu da muka yi na gwamnati, a aji ɗaya muka zauna da kowa. Kwalejin Rimi da Kwalejin Sarauniya Amina ta Kakuri asalinsu na mishan ne, gwamnati ta karɓa, 'ya'yan kowa suka shiga. Yau duk mai ɗan hali ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi ta bayan layi, wadda sunanta kaɗai ya gaya maka wa ake so wa ba a so. Ban ga laifin iyaye ba, makarantar gwamnati ce ta lalace. Amma a nan aka yi asarar da ba a lissafa ba.

Sai dillalan gidaje. Je ka neman ciki da falo ka ji tambayar farko. Kafin a tambaye ka aikinka ko yawan iyalinka, sunanka ake so a ji, kuma ba don a rubuta a rasit ba. Na san mai gida a layinmu da ya bar ɗaki wata huɗu a kulle, ya ƙi bai wa wata ma'aikaciyar jinya da aka turo asibitin kusa da mu, don kawai maƙwabta za su yi magana. Matar nan yanzu mota biyu take hawa kafin ta zo duba matanmu da 'ya'yanmu.

Rabuwar da ba a cika faɗa ba

In kana son ganin layin da ya raba Kaduna da gaske, kada ka tsaya a kan gada. Tsaya a bakin katangar GRA.

Alhaji da Cif da ke Malali ko Barnawa GRA maƙwabta ne. Mai gadi ɗaya suke biya, 'ya'yansu makaranta ɗaya, in an yi biki suna teburi ɗaya. Dokar hana fita ba ta hana su cin abinci. Mai turin garuwa a Rigasa da mai turin garuwa a Unguwar Romi kuwa, farashin jarka ɗaya suke kuka da shi, kwata ɗaya ce ke ratsa ƙofar gidajensu, taransifoma in ta ƙone karo-karo ɗaya ake sa su. Da masu garkuwa da mutane suka matso gefen gari, ba su tambayi addinin kowa ba: sun shiga unguwannin bayan Rigasa da Mando, sun shiga na bayan Sabon Tasha da Maraban Rido da Gonin Gora. In kogin ya cika da damina, yana shiga gidajen titin Kigo da Kabala da Bashama, yana shiga na Nasarawa da ƙasan Barnawa.

Waɗannan mutane matsalarsu ɗaya, amma ba su taɓa zama sun kai kuka tare ba, don ba su san juna ba. Ɗan siyasa ya san haka sarai. Yana zuwa nan ya faɗi ɗaya, ya tsallaka ya faɗi wata, ya san ba mai kai labari.

"To ba ga gadoji an gina ba?"

An gina, kuma sun yi amfani. Hanyar Yakowa ta buɗe Kamazou da Karji da Janruwa. Gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa a zamanin El-Rufa'i ta rage wahalar da ake sha a gadar filin wasa. Gadar sama ta Kawo ta sauƙaƙa shiga gari. Amma gada hanya ce kawai, ba ta ba mutum dalilin tafiya.

An kuma yi ƙoƙari ta fuskar malamai. Ranar 22 ga Agustan 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka taɓa zama abokan gaba, sun shafe shekaru suna yawon sulhu tare har duniya ta san su. Ina girmama wannan aiki. Sai dai watanni uku bayan waccan yarjejeniya aka sake rikici, kuma yaran da ke tare hanya ba su ne ake gayyata taron otal ba.

Abin da ya haɗa mahaifinmu da Baba aiki ne. Don haka in gwamnati na son gari ɗaya, ta duba inda mutane ke haɗuwa dole, ta zuba kuɗi a nan. Babbar Kasuwar Sheikh Gumi ita ce wuri mafi girma da ya rage, inda bas ɗin Kawo da na Sabon Tasha da na Rigasa duk suke sauke mutane. Kada a bar kuɗin shago ya kori ƙananan 'yan kasuwar kowane ɓangare daga cikinta. A samar da bas mai arha da zai riƙa ratsa gari daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba sai an sauka an sake hawa ba. A gyara ko da manyan sakandare biyar ne na gwamnati, su yi kyan da mai hali zai yi sha'awar kai ɗansa. Rukunin masana'antu na Kakuri da Kudenda, ko ba masaƙa ba, a ba shi wuta tsayayya, aiki zai zo da kansa. Sababbin filayen da ake yankawa a Millennium City da sauran gefen gari, a lura kada su ma su tashi da launi ɗaya tun daga tushe.

Namu kuma bai kai haka wuya ba. Zumunta a ƙafa take. Akwai dattawa da yawa a garin nan masu tsofaffin maƙwabta a ɗaya tsallaken, suna gaisawa a waya, suna zuwa wa juna gaisuwar mutuwa, amma su kaɗai suke zuwa, ba sa ɗaukar yara. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, kuma wannan kuskurena ne. In tsararmu ta ƙare, ba wanda ya san ƙofar gidan wani.

Asabar ɗin da ta biyo na ce wa yaron ya fito da mashin, ni zan zauna a baya. Muka bi ta shataletalen filin wasa, muka hau gada, muka miƙe titin Kachia. Ina jin yadda kafaɗarsa ta ƙame da muka wuce Barnawa. A bakin layin su Baba wata mai gasa masara ta ce mana sannu da zuwa da Hausar da ta fi tasa kyau.

Baba na zaune a kan kujerar roba, ƙafa a kumbure. Ya kama hannun yaron ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Wannan ai goshin abokina ne." Ya sa jikarsa ta ɗauko wani tsohon hoto, su biyu sanye da rigar aiki a ƙofar masaƙa, kowa riƙe da kekensa. Yaron bai taɓa ganin kakansa da ƙuruciya ba. Ya ɗauki hoton a waya. Jikar Baba, mai shekara 19, ta ce ita ma ba ta taɓa shiga Tudun Wada ba, wata ce ke sayo mata gwanjon Kasuwar Barci ta ɗora riba.

Muna shirin tashi maƙwabcin Baba mai shagon aski ya ji sana'ar yaron, ya ja shi ya nuna masa batirin da ya daina riƙe caji. Suka yi ciniki a tsaye. Ranar Alhamis zai koma da kayan aiki, shi kaɗai.

Yayata ta yarda, da sharaɗin ya kira ta in ya isa, kuma ya tsallako kafin magariba. Ban yi mata musu ba.